Zauren Manoma: Tumatir ya yi arha a Kura, ya yi tsada a tukunya, wa ke cin kuɗin?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon kamar kun haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duka a kan kayan gwari ne, tumatir, attaruhu, albasa. Na tsamo guda biyar. Waɗanda suka tambayi maganar kiwon kaji ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomin rani ne, na fi shekara goma sha biyar ina tumatir. Lokacin da aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa mun yi murna mun ce asara ta ƙare, amma sai ya zama yau ya tashi gobe ya tsaya, mu kuma har yanzu in kaya ya fito wani lokacin kwando ko kuɗin tsinka baya mayarwa. Wai ina matsalar take ne? Daga wani manomi a Kura.

AMSA: Yayana sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Bari mu fara da lissafi don a nan zancen yake. Masana'antar Kadawa da aka buɗe a 2016 an gina ta ne ta riƙa haɗiye tan 1,200 na ɗanyen tumatir kullum. In ka ɗauka babban kwando kilo 60 ne, kaga kwando dubu 20 kenan, a rana ɗaya fa ba a sati ba. Yawancin ƙananan manomanmu kuwa da ƙyar suke kai tan 10 a hekta, wasu ma rabin haka, to ko da tan 10 ɗin muka yi lissafi injin nan zai lashe duk abin da hekta 120 ta bayar a kakar gaba ɗaya cikin kwana ɗaya, gobe kuma ya sake buɗe baki. Kuma tumatirinmu na arewa kai ka fi ni sani, ƙarfinsa daga Janairu ne zuwa wajen Afrilu, da zafi ya kankama fure ya fara zubewa shikenan. Sauran watannin shekara inji na zaune, masu gadi da injiniyoyi kuma ana biyan su albashi.

Sai maganar farashi, wadda ita ce ba a son faɗa a taro. Ranar da kasuwa ta yi kyau, 'yan Legas sun cika kasuwar Kwanar Gafan suna rububi, wane manomi ne zai kai kayansa kamfani a farashin da aka yanke tun kafin dashe? Babu. Ni ma da ni ne ba zan kai ba. Ranar da kasuwa ta faɗi kuma kowa ya tuna da kamfani, motoci su yi layi a bakin get rana na dukan kaya. Shi kuma kamfanin ba zai iya biyan farashin Legas ba, don abokin takararsa ba ɗan gwari bane, markaɗaɗɗen tumatir ne da ake shigowa da shi a durom daga Sin, mafi yawa daga yankin Xinjiang, a zo nan a sirka a ɗura a leda da gwangwani. Sai an matse kusan kilo 6 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na mai kaurin nan. A Kalifoniya ta Amurka hekta ɗaya tana haura tan 100, da inji ake tsinka, irin ma daban ne, mai tsoka da ƙarancin ruwa. Mu namu rabi ruwa ne. To ka ga inda aka bar mu.

Gwamnati ta gwada. A 2015 Babban Banki ya sa tumatirin gwangwani cikin kaya 41 da aka hana wa dalar gwamnati, a 2017 aka ɗaga haraji daga kashi 5 zuwa kashi 50 aka ƙara dala 1,500 a kan kowane tan na markaɗaɗɗen da ake shigowa da shi. A Oktoban 2023 kuma bankin ya janye waccan dokar ta dala. Amma haraji baya sa hekta ta ba da tan 40. Kuma wannan ba shine karon farko ba, manya za su tuna Vegfru ta Dadin Kowa da masana'antar Ikara, duk wahalar samun isasshen kaya akai-akai ta taɓa su. Shi ya sa waɗanda suka zo daga baya, Tomato Jos a Kaduna da GB Foods a Kebbi, suka haɗa da gonar kansu, suka kuma riƙa jan manoman kewaye a jiki da iri da horo, maimakon su kafa inji su zauna jiran kasuwa.

Ni a ganina Yaya, mun ɗora wa masana'anta burin da ba za ta iya ɗauka ba. Abin da ya canza noman lambu a ƙasar nan da gaske ba manyan gine-gine bane. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa a bakin rafi, guga ɗaya guga ɗaya, komi nawa mutum zai iya? Aka gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya shigo Kura da Bunkure da Garun Malam. Sannan shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya baza ƙananan rijiyoyi da injin ban ruwa, duk mai fadama ya zama manomin rani. Wannan ƙaramin injin mai tiyo shi ya cika Legas da tumatir. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuma kowa ya ji a jikinsa, yanzu ka shiga fadama zakaga wani ya maida injinsa mai aiki da tukunyar gas, wani ya jingina faifan sola a jikin itace. Yawan kaya mun iya. Abin da bamu iya ba shine kada mu fito da shi duka a sati uku. In kana da hali raba dashenka kashi uku, tsakani sati biyu ko uku, ka tura kashi ɗaya da wuri ko da zai ci maka magani, don na farkon fitowa da na ƙarshe su ke biyan asarar na tsakiya.

TAMBAYA: Don Allah Malam ku gaya wa manoma su ji tsoron Allah. Watan Mayu da Yuni na 2024 sai da na koma miyar kuka da kuɓewa zalla saboda tumatir huɗu ƙanana ake cewa dubu ɗaya. Kuma kowace shekara sai an yi wannan. Wa yake cin kuɗin nan? Daga wata uwargida a Kaduna.

AMSA: Hajiya Allah ya huci zuciyarki, a gidana ma an yi wannan shari'ar kuma ni aka kama da laifi saboda ina rubutu a kan noma. Amma lokacin da kike sayen huɗu dubu ɗaya, yawancin manoman ba su da ko ɗaya a gona. Na rani ya ƙare, na damina bai iso ba, zafi da tsutsa sun cinye na tsakani. 'Yan kaɗan da suka yi sa'a suna da kaya a lokacin, eh sun ci kuɗi, a Legas babban kwando ya haura naira dubu 100 a wannan shekarar. Sauran kuwa tun Fabrairu suka sayar da nasu a wulaƙance.

Bari in kai ki Kwanar Gafan da sassafe a tsakiyar kaka, kan hanyar Kano zuwa Zariya. Tun duhu-duhu kayan ke shigowa, a kura, a bayan babur, a a-kori-kura, kwanduna jere har inda ido ya tsaya, an rufe bakin kowanne da ciyawa ko takardar buhun siminti an ɗaure da igiya. Manomi baya ciniki da mai saye kai tsaye, dillali ne a tsakani, shi ya san wane Alhaji ne ke loda mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, wane ne na Fatakwal, wane ne na Onica. Ya ɗaga ciyawar ya duba na sama, ya cusa hannu ya lalubo na ƙasa don ya san halinmu na jera manya a sama, ya faɗi kuɗi. Manomin nan ya riga ya tsinke, ya biya mata da yaran da suka tsinka, ya biya kwando, ya biya mota, rana tana ɗagowa kayan na laushi. Zai ce a'a ya kai shi ina? Sai ya ce Allah ya sa albarka, a cire la'ada, a cire kuɗin ƙungiya da na 'yan dako.

Daga nan a ɗora kwando kan kwando a babbar mota, tafiyar kusan kilomita dubu, kwana biyu in an yi sa'a, in mota ta lalace ko an tare hanya sai yadda hali ya yi. Ga dizal, ga shingaye, kowace jiha da rasit ɗinta, wani shingen ma ba rasit sai miƙa hannu. In kika tsaya bayan motar tumatir da ta yi kwana a hanya zakiga ruwa ja yana ɗiga ta ƙasan bodi, to wannan ruwan kuɗin wani ne. Ƙiyasin da aka fi ambata shine kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Wanda ya tsira shi ke biyan kuɗin wanda ya ruɓe, ke kuma ke ce mai biya na ƙarshe.

Dillalai suna ci, ban wanke su ba, wasu har bashi suke ba manomi tun lokacin dashe da sharaɗin kayan nasu ne, kinga an ɗaure shi kenan tun kafin fure. Amma na ga fatake da yawa da mota ɗaya ta karya su, sun isa Legas sun tarar motoci arba'in sun riga su. Abin da ya ɗan rage wa dillali ƙarfi waya ce, yanzu yaro a gona zai kira ɗan garinsu a Mile 12 ko ya duba gurup ɗin WhatsApp ya ji nawa aka sayar jiya. Sai kiret na roba, mai ɗaukar wajen kilo 25, wanda in an jera shi nauyin yana sauka a kan robar ne ba kan tumatir ba. Yana shigowa a hankali. Abin da ke riƙe shi, kwando in ya isa Legas an gama da shi, kiret kuwa kuɗi ne sai an dawo da shi arewa, wa zai biya motar, wa zai ɗau asarar wanda ya ɓace? Kuma akwai masu saƙar kwando da masu sayar da shi da ke ci a nan, ba za su tafa maka ba. Shawarata ta kusa Hajiya, in ya yi arha a Fabrairu ki sayi kwando ki yanka ki shanya kauɗarki a kan tabarma mai tsafta, ko ki markaɗa ki tafasa ki ɗura a kwalba.

TAMBAYA: Malam wannan tsutsar tumatir da ake cewa sharon, na yi feshi har sau shida a sati biyu bata mutu ba. Maganin ne jabu ko me? Daga wani matashi a Danja.

AMSA: Ƙanena zai iya zama jabu, ni kaina an taɓa sayar min da ruwan banza a kwalba mai kyau a wani shago, sai da ganye ya ƙone na gane. Amma ko mai kyau ne, sharon a cikin ganye take, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ɗaga ganyen ka kalli rana zaka ganta a cikin farin tabon. Maganin da ke zama a saman ganye baya isa gare ta. Sunanta na boko Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta yi mana kaca-kaca a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta sake dawowa da ƙarfi a 2023 da 2024. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma da zafi cikin ƙasa da wata guda an yi sabon zubi, shi ya sa in ka nace wa magani ɗaya take sabawa da shi. Ka duba sunan sinadarin da ke jikin kwalbar ba sunan kamfani ba, ka riƙa sauyawa, ka yi feshi da yamma, ka sa tarko tun a wajen reno. In ka gama tsinka ka tuge karan ka ƙone. Sai dai in maƙwabcinka ya bar tasa gonar a tsaye, tana nan tana jiranka, don haka maganar ta unguwa ce gaba ɗaya. Kuma don Allah kar a yi feshi yau a tsinka gobe, mutane ne za su ci.

TAMBAYA: Na gama bautar ƙasa, na tara 'yan kuɗi, ina ganin bidiyon girinhawus, rumfar ledar nan da ake noma a cikinta, a Facebook ana cewa riba ninki uku. In shiga? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Ɗana, mai bidiyon nan sau da yawa girinhawus ɗin yake sayarwa ba tumatir ba. Ban ce abin ƙarya bane. A Filato da kewayen Abuja da Ogun akwai masu yi suna samu, musamman jan tattasai da ruwan ɗorawa irin na otal, kokwamba, da tumatir a lokacin da na fili ya ƙare. Amma duk wanda na ga ya dore, ya san wanda zai saya tun kafin ya kafa ƙarfe, otal ne ko babban kanti ko masu kai wa gidaje. In ka kwashi kayan girinhawus ka kai kasuwar Farin Gada ko 'Yankaba a watan Fabrairu, da kayan fadama za a auna maka, ba mai tambayar nawa ka kashe. Kuma ku a Jos sanyi na taimakon ku, wanda zai kafa rumfar leda a Kano ko Sakkwato ba tare da lissafin iska ba, a watan Afrilu tanda ya gina.

Ni da zaka ji tawa, kudin nan ka fara da rabin eka a fili, iri mai aure na kirki, reno a tire, ka kafa sanda ka ɗaure, ka sa tiyon ɗigo in zaka iya. Nan ne canjin gaske yake faruwa yanzu. A da, irin UTC da Roma kowa ke shukawa, mutum ya matse na bana ya shanya 'ya'yan ya shuka baɗi. Yanzu irin su Platinum da Padma masu jure damina sun shigo, sun fi tsada nesa ba kusa ba kuma ba'a ajiye 'ya'yansu, amma sun sa ana tumatir a lokacin da da ba'a yi, a wuraren da da ba'a yi. Shirin HortiNigeria da ƙasar Holan ta ɗau nauyi daga 2021 jihohi huɗu ya ɗauka, Kano da Kaduna, sai Ogun da Oyo. Ka lura da biyun ƙarshen nan. Tun bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da 'yan kasuwarmu suka tsayar da kai abinci kudu na wajen sati guda, mutanen can suka ƙara ɗaukar noman kayan miya da muhimmanci. Ba za su ture arewa gobe ba, ƙasarsu da laima da cututtuka, mu kuma muna da hunturu da fili. Amma wanda gonarsa ke awa biyu daga Legas baya biyan dizal ɗin kilomita dubu, kuma a wancan satin mu ma mun ga tumatir na ruɓewa a hannunmu. Wata sana'ar da matasa ke rainawa kuma ita ce renon dashe kawai ka sayar wa manoma, jarinta bai kai na girinhawus ba.

TAMBAYA: Gaisuwa daga zango. Mu nan albasar Nijar muka fi sani, amma ina ganin ta Najeriya ma tana shigowa. Me ya sa harkar albasa ta fi ta tumatir tsari? Daga wani ɗan kasuwa a Ankara, Gana.

AMSA: Alhaji muna amsawa, a gaida mutanen kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, na san tun 2021 aka tashe ku daga Agbogbloshie aka kai ku can. Amsar gajeriya ce, albasa tana jira, tumatir baya jira. Manomin Aliero a Kebbi ko na Galmi a jihar Tawa in ya cire albasarsa a Maris ko Afrilu farashi bai masa ba, sai ya zuba ta a rudu, rumbun kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa iska na ratsawa, ya jira wata huɗu ko biyar. Zai yi asara, wata ta ruɓe wata ta tsiro wata ta motse, sai ya riƙa shiga yana tsince marasa kyau, amma abin da ya rage yakan ninka kuɗinsa. Mai iya cewa ba zan sayar yau ba shi ke da baki a ciniki. Shi ya sa albasa ke iya ƙetare iyaka biyu uku ta iso ku, ta wuce har Abijan, shi ya sa kuma ƙungiyoyin 'yan albasa suka fi ƙarfi, akwai lokacin zama a yi magana.

Sai dai ka duba wa ke cin ribar ajiyar. Ƙaramin manomi da bashin taki a wuyansa da bikin 'ya a gabansa, ranar cira yake sayarwa. Mai kuɗi ya saye ya zuba a nasa rudun. Mutanen Agadas kuma wata dabara Allah ya ba su, a lambunan duwatsun Ayar suna yin ta damina, tasu na fitowa wajen ƙarshen shekara lokacin da ta ajiya ta ƙare kasuwa na nema ido rufe.

Shigowar ta Najeriya wajenku kuwa akwai hannun canji a ciki. Tun da naira ta faɗi a 2023 da 2024, mai sefa ko sidi in ya zo Aliero ko Gundutse a Kano kayan sun masa arha, ga kuma rufe iyakokin da ya biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 wanda ya rikita hanyoyin da aka saba bi. Masu miya a Kano suna ƙorafin an kwashe albasa an kai waje, manomi kuma yana cewa a bar shi ya sha iska ko sau ɗaya. Ta Galmi dai har yanzu ita ce mai suna, jar nan mai yaji da ke jure ajiya, manomanmu da yawa ma irinta suke nema, sai dai a yi hattara da wanda ake aunawa a kwano a kasuwa ba'a san uwar da ta haife shi ba. In zaka aiko a saya maka, ka sa a duba wuyan albasar ya bushe sosai kafin a ɗura a buhu, wadda aka cire da ɗanyen wuya ko aka shayar da ita yuriya da yawa bata kai Kumasi lafiya.